Wai fasa jirage ne ke riƙe darajar kuɗin wasa?

Sadiq: Jama'a, ina nan kan maganata ta jiya. Duk wasan da kaya ba sa lalacewa a cikinsa, ƙarshen kuɗinsa ya zama ganye. Ku dubi EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya na intanet, tun 2003 ake bugawa, har yau ISK, kuɗin cikin wasan, bai mutu ba. Dalili? In aka harbe jirginka ya tafi ke nan, sai ka sayi wani. A yaƙin B-R5RB na Janairun 2014 an ragargaza manyan jiragen Titan 75, asarar da aka ƙiyasta ta kai wajen dala dubu 300. Wannan wutar ce ke cinye hauhawar farashi.

Malam Bashir: Sadiq, ka haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Jirgi daban, kuɗi daban. Ran da ka sayi jirgin, ISK ɗinka ya koma aljihun wanda ya ƙera shi. In jirgin ya ƙone, kuɗin na nan a aljihun maƙerin, ko sisi bai ragu ba. Kaya ne suka ragu, kuɗi na nan yadda yake. To gaya mini, farashi sauka zai yi ko hawa?

Sadiq: Malam, ai masu haƙar ma'adinai za su samu kasuwa.

Malam Bashir: Za su samu, ban musa ba. Amma wannan maganar aikin yi ce, ba ta darajar kuɗi ba. Kuma ga abin da ka manta: a EVE akwai inshora. Jirginka na fashewa wasan ya biya ka ISK sabo fil, wanda da babu shi a duniya. Ka ga yaƙin da kake yabo ma wani famfo ne mai zubo sabon kuɗi. Babban famfon shi ne ladan kashe 'yan fashin da kwamfuta ke sarrafawa. Magudanar kuwa harajin ciniki ne, da la'adar dillali, da littattafan koyon fasaha da ake saya a hannun wasan. Nan kuɗi ke nitsewa ba ya dawowa.

Ummi: Allah Ya saka, Malam. Ni dama abin da ya kore ni daga irin waɗannan wasannin ke nan. Sati uku ina tara abu da datar da na saya da kuɗina, wani marar aikin yi ya tare ni a hanya, minti biyu komai ya tafi, wai don tattalin arziki ya zauna lafiya. Na wa?

Sadiq: Ayya Ummi, kowa da ranarsa. 😂

Habu Ɗan Zariya: Ni ina tsakiya, amma na fi karkata wajen Sadiq. Malam, a wasan Old School RuneScape takobi ba ya mutuwa. Kullum dodo na zubar da sabo, tsohon na nan. Kayan da a da sai wane da wane, aka wayi gari sun zama na kowa, masu farautarsu suka ga wahalar banza suke yi. Me Jagex, kamfanin da ke da wasan, ya yi a Disambar 2021? Ya sa harajin kashi 1 cikin 100 a babbar kasuwarsu, Grand Exchange, sannan ya riƙa ɗibar wani abu daga harajin yana sayen kaya masu tsada yana shafe su. Da lalata kaya ba shi da amfani, da ba su yi ba.

Malam Bashir: Madalla, Habu, ka kawo mini shaida da hannunka. Magani biyu suka ba da don cuta biyu ce. Haraji don kuɗi ya yi yawa, shafe kaya don kaya sun yi yawa. Shafewar ma don farashin kayan ya TASHI aka yi ta. Sadiq kuwa cewa ya yi tana saukar da shi.

Habu Ɗan Zariya: Ai kuɗin da aka sayi kayan da shi ma hannun 'yan wasa yake komawa, ko?

Malam Bashir: Shi ne fa.

Ummi: Kuma kada a ɗauka toshe famfo alheri ne kullum. Wasan New World na Amazon, 2021: gyaran kaya da harajin gida suna cin kuɗi, hanyar samu ta yi kaɗan, kowa ya ƙanƙame nasa, har aka koma ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Duk wanda ya yi layin POS a farkon 2023 ya san wannan yanayin.

Sadiq: To na rage murya, amma ban sauka ba. Wasan Path of Exile fa? Can kuɗin kansa kayan aiki ne. Chaos Orb, ɗaya daga kuɗaɗen wasan, in ka goga shi a sulke ya ƙare. Lalata kaya da lalata kuɗi sun zama abu guda.

Malam Bashir: Wannan ka kama ni rabi. Sai dai duk bayan 'yan watanni suna buɗe sabon zango, kowa ya fara da hannu wofi. Da ƙonewar ta wadatar, me ya kai su share allo?

Sadiq: Don nishaɗi ne, Malam.

Ummi: Cajina saura kashi 4, ga shi an ɗauke wuta. Sadiq, ka nemo amsar da ta fi wannan kafin gobe.