Tsarin gidajen Zariya jiya da yau: me ya kamata a bari idan za a sake gina gidan gado?

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana tarihi da masu sana'ar gini da ke cikinmu. Gidanmu na gado yana cikin birni, ginin ƙasa ne tun na kakanmu, mai zaure da shigifa da sassa huɗu, kuma daminar bana ta nuna mana cewa ba zai daɗe a haka ba. 'Yan'uwa sun rabu gida biyu: wasu suna son a rushe komai a fitar da filat-filat na bulo, kowa da ƙofarsa, wasu kuma sun ce ko me za a yi kada a taɓa zaure. Kafin mu zauna da dattawan gida ina so in san yadda aka faro. Wane irin gida Zazzagawa suke ginawa a da, yaushe kwano da siminti suka shigo, kuma me ya sa gidajen cikin birni suka bambanta da na Sabon Gari da Samaru? Haka nan ina son jin yadda ake shirya cikin ɗaki a wancan zamani.

Malam Mai Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, magabata ba su tsara gida don ƙasa ko azara ba, sun tsara shi ne bisa sanin wanda zai shigo da kuma inda zai tsaya. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma a nan maigida yake cin abinci da maƙwabta, a nan ake karatun allo, a nan maɗinki ko baduku yake aikinsa, a nan ake zaman makoki. Idan ka lura, ƙofar shiga zaure ba ta kallon ƙofar fita zuwa ciki kai tsaye, domin kada mai wucewa a hanya ya hango tsakar gida. Bayan zaure akwai fili inda samarin gida suke da ɗakunansu, mai doki kuma yake kafa turke. Daga nan sai shigifa, wadda aminai da dangi na kusa suke iya kaiwa, sannan cikin gida inda ɗakunan mata da turaka da madafa da rijiya da rumbu suke.

Irin wannan gida yana girma kuma yana raguwa tare da mutanensa. Ɗa ya yi aure, sai a yanka masa sashe a ja katanga. Tsohuwa ta rasu, sai a bar ɗakinta ya zube, bayan wasu shekaru a kwaɓa ƙasar a tayar da wani. Zaman gandu ne ya haifar da hakan, lokacin da uba da 'ya'yansa suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Kada kuma a ɗauka kowa yana kwana a soro. Ko a cikin ganuwa ɗakuna masu jinka sun fi yawa a da, soro kuwa na sarakuna ne da malamai da attajirai, sai daga baya ya yaɗu, musamman saboda tsoron gobara a lokacin hunturu.

Ƙololuwar wannan gini ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. A shekarun 1970 an kewaye shi da sabon gini na siminti, kuma akwai kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Ko Turawan mishan da suka zauna Wusasa, da ƙasa suka gina cocinsu a 1929 bisa salon maginan Hausa.

Bambancin unguwanni kuwa mulkin mallaka ne ya kawo shi. Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka yanka Sabon Gari kusa da tasha domin ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda akasarinsu daga kudu suka zo, aka ware Tudun Wada domin baƙi 'yan Arewa, su kuma Turawa suka keɓe kansu a Jiyare (GRA), unguwar da gwamnati ta ware musu, cikin gidaje masu baranda da fili da ɗakin boyi a baya. A Sabon Gari filoti aka auna, tituna miƙaƙƙu, don haka gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna ya samu gindin zama. Samaru ta taso ne a gefen tashar binciken aikin gona, ta bunƙasa bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin birni kwano ya fara hawa kan bangon ƙasa tun kafin bulo ya zama ruwan dare, kuma kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 su suka hanzarta sauyin.

Jikan Magina ya amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni zan yi magana ta fuskar aikin hannu, domin a gidan gini na tashi, ko da yake yau bulo nake ɗorawa. Kududdufan da kuke gani a unguwannin birni, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Ana jiƙa ƙasar a tattake ta da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya a rana. Wajen ɗorawa, gindin ne a ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma bango yana farawa da kauri sosai yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kaurin ne yake sa soro ya yi sanyi da rana a watan Afrilu, ya kuma riƙe ɗumi da dare a lokacin sanyi.

Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Matsalarta ita ce ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa ɗakunan talakawa suke ƙanana. Gwanintar magini tana bayyana ne idan ana son babban zaure: sai ya riƙa dasa azara a bango hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har su lanƙwasa kamar baka, bakunan su haɗu a tsakiya su zama ɗaurin guga. A sama a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema, ko kuma a yi amfani da makuba ta ɓawon ɗorawa. Sai indararo da zai tsiyayar da ruwa nesa da bango, da zankwaye a kusurwoyi.

Ɗan'uwa, abin da zan ja hankalinku a kai shi ne, ruwan Zariya ya fi na Kano da Katsina, yana kaiwa kimanin milimita 1,000 a shekara, don haka ginin ƙasa a nan ba ya yafe sakaci. Duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe an duba indararo. Mafi yawan sorayen da na ga sun faɗi, filastar siminti ce ta kashe su: siminti ba ya kama ƙasa, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye alhali daga waje yana sheƙi. Idan zaurenku mai ɗaurin guga ne kuma bakunansa ba su tsage ba, ni a ganina rushe shi asara ce, domin masu iya ɗaura irinsa sun yi ƙaranci ƙwarai.

Hajiya Uwar Biyu ta amsa:

Sallama ga kowa. Na ga maza sun tsaya a zaure, to bari in shiga da ku ciki. A da, ɗakin mace shi ne dukiyarta a bayyane. Miji yana bayar da ɗaki, amma abin da ke ciki daga gidan iyayenta yake fitowa, kuma kafin a kai amarya mata suke taruwa su yi daɓe, suna yayyafa ruwan makuba suna bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasan ya yi santsi ya yi duhu. A shafe bango da farar ƙasa, sannan 'yan jere su zo. Kakanninmu da ƙorai da akusa da faya-fayai da tasoshi aka yi musu jere. Iyayenmu kuma zamanin kwanuka masu fure suka tarar, langa da fanteka da kumbo, a ɗora su bisa juna daga babba zuwa ƙarami har su kusa taɓa rufi, wasu ma a manna farantai a jikin bango. Ba a cin abinci a cikinsu sai da babban dalili. Idan wata larura ta taso, mace tana iya zare kwano biyu ta aika a sayar ba tare da ta roƙi kowa ba.

Wurin kwanciya ma ya bi zamani. Akwai gadon kara, akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa saboda mai jego, wanda likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka danganta shi, tare da wankan jego da kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa ya zo, sai kabet mai gilashi da tangaran a ciki, sai leda da kafet da kujerun kushin, yau kuma tayil da silin na ado da labule tun daga sama har ƙasa.

Abin da nake so masu son filat su duba shi ne, al'adar cewa iyayen amarya ne za su cika ɗaki ba ta sauya ba, ɗakin ne ya zama uku da falo biyu da kicin, nauyin kuma yana kan uban yarinya. Sannan kuna ta jayayya a kan zaure, babu wanda ya ambaci tsakar gida, alhali nan ne muke daka da shanya da girkin taro, nan yara suke wasa a gaban idonmu, nan mata suke zama ranar suna. Matar da aka rufe a filat marar tsakar gida, ga tagogi masu ƙarfe ga zafin kwano ga rashin wuta, ta fi kakarta shan ƙunci.

Mazaunin Hanwa ya amsa:

Ina girmama ra'ayin Malam da na Hajiya, amma ya kamata a yi wa ɓangaren masu son bulo adalci. Zaman gandun da ya riƙe tsohon tsari ya watse. Yau wannan malamin makaranta ne, wancan ɗan kasuwa, wani yana Kaduna, kuma idan lokacin yaɓe ya zo kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Gidan da magada goma suke da haƙƙi a cikinsa, matuƙar ba a raba an san rabon kowa ba, babu mai zuba kuɗinsa a ciki da zuciya ɗaya. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu muka fita zuwa Hanwa da Gwargwaje da Dogarawa muka sayi filoti, ba don mun raina gidan iyaye ba. Ko a nan ɗin ma za ka ga mutane suna fitar da falon baƙi mai ƙofarsa ta waje, wanda aikin zaure yake yi. Shawarata ita ce ku fara da rabon gado a gaban malamai ko kotu, a rubuta, a ware zaure da hanyar shiga da rijiya a matsayin na kowa, sannan kowa ya gina sashensa gwargwadon ƙarfinsa.

Ɗan Kwarbai ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Zauren namu mai ɗaurin guga ne, sai dai an yi masa filastar siminti ta waje shekarun baya. Jikan Magina, shin ana iya ɗora masa kwano a bar cikin yadda yake?

Jikan Magina ya amsa:

Ana iyawa, kuma an yi wa zauruka da dama haka a cikin birni. Amma kada kafinta ya kafa katako a kan tulluwar kanta. A tayar da ginshiƙai daga waje su ɗauki nauyin rufin, a bar bakin kwanon ya zarce bango sosai domin ruwa ya zuba nesa da gindi. Kafin nan a ƙwanƙwasa filastar a ji inda take ƙarar rami, a ɓamɓare wurin a bar bangon ya bushe, a cike da ƙasa irin tasa. A kuma duba magudanar da ke bakin ƙofa, domin idan an ɗaga titi ya fi daɓen zaure tudu, ruwa ta ƙasa zai ci ginin ko da rufin sabo ne. Aikin rani ne, ku fara shi bayan kaka, kada ku bari sai hadari ya fara haɗuwa.