SVT (darasin kimiyyar halittu da ƙasa) ta rikita ni, wai ganye ma numfashi yake?

Ɗan Birni:
Salam 'yan uwa, bana zan yi jarrabawar BEPC amma darasin fotosantez ya ƙi zama a kaina, malam ya ce itace na fidda oksijen kuma ya ce yana shaƙar oksijen, to wanne zan rubuta ran jarrabawa?

'Yar Zango:
Duka biyun gaskiya ne ƙanena. Da rana ganye na ɗaukar iskar CO2 ta ƙananan ƙofofinsa, saiwa ta jawo ruwa, kulorofil, wato koren ganye, ya kama hasken rana a haɗa sukarin gulukoz, oksijen ya fito, wannan shi ne fotosantez. Numfashi kuwa dare da rana ne baya tsayawa, kamar na akuyar gidanku, sai dai da rana oksijen da ya fidda ya fi wanda ya sha yawa.

Tsohon ɗan lise:
Kar ka tsaya hadda kawai. Tsinko ganyen wake da ya wuni a rana, tafasa shi, jiƙa a alkol har koren ya fita, ɗiga ruwan iyod, in ya koma shuɗi mai duhu akwai amido ke nan, wato sitacin da ganye ke yi da gulukoz ɗin ya ajiye. Wanda ka rufe kwana 2 a duhu ba zai canza ba.

Ɗan Birni:
Na gode yaya, iyod ɗin a farmasi zan samu?