Maganar pragya da cunkoson Kejetia

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Tun 2023 lokacin da Sam Pyne yake magajin gari, KMA, wato hukumar birnin Kumasi, ta hana pragya (keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja) shiga tsakiyar gari, wajen Adum da Kejetia, aka ce wai su ne suke toshe hanya. To don Allah wanda ya bi ta Kejetia da yamma ya gaya mini, cunkoson ya ragu? Trotro, ƙananan motocin haya, na lodi a tsakiyar titi, mate, wato kwandasta, ya maƙale a ƙofa yana ta ihun Tafo Tafo, masu kaya sun baje tumatir da gwanjo har kan kwalta tunda aikin Central Market ya tsaya ba su da wurin zama, duk ba a gan su ba sai yaran Zango aka gani aka kora.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Yaya, su wa kake nufi da yaran Zango? Yanzu duk wanda ya hau pragya yana tuƙin ganganci sai a ce namu ne? Ni nawa suna makaranta.

Ɗan Aboabo: Hajiya ban zagi kowa ba, ai sana'a ce

Direban Tafo: Gaskiyar Hajiya. Rabinsu ma ba a nan aka haife su ba, yaro zai sauko daga arewa yau, gobe an ba shi makulli a kan wok an pe, wato yana aiki yana biyan mai ita, ko lasin bai da shi, dole ya kawo wa mai ita kuɗin rana shi ya sa yake kutsawa duk inda ya ga ƙofa, madubina biyu suka fasa.

Bakanike: Direba ji tsoron Allah. Kakanka daga ina ya zo Kumasi? Zangon ma ai baƙi ne suka kafa shi, fataken goro da shanu. Yau kai ne za ka ce wani ba ɗan Zango ba ne don an haife shi a Bawku ko Tamale?

Direban Tafo: Kar ka sa kakana a ciki, ka san gidanmu.

Malamin Makaranta: Ku yi haƙuri ku saurara. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ita ta hana ɗaukar fasinja don kuɗi a kan babur da keke mai ƙafa uku, ba KMA ta ƙirƙiro ta ba. Kuma Aboabo da Asawase tun 2012 suna ƙarƙashin hukumar Asokore Mampong ne, ba KMA ba.

Bakanike: Malam 2012 wa ke mulki?

Maman Biyu: To an fara

Bakanike: A'a a faɗa mana, gwamnatin jam'iyyar NDC ce ta kawo dokar, daga baya Mahama nasu ya dawo yana alkawarin halatta okada, babur na haya, lokacin kamfen.

Ɗan Sawaba: Shi dai ya yi alkawarin gyarawa. Ku 'yan jam'iyyar NPP da kuka yi shekara takwas a mulki me kuka yi wa yaran in ba kamu ba? Zongo Development Fund ɗin naku, asusun raya Zango, nuna mini titi ɗaya a layinmu.

Ɗan Aboabo: Jama'a maganar Kejetia fa nake yi

Direban Tafo: Bakanike har yanzu ina jiran ka janye maganar kakana, gaban mutane ka faɗa, gaban mutane za ka janye.

Admin: Ya isa haka, dare ya yi. Na karanta duka, abin da na gani shi ne kusan kowa ya yarda an zalunci yaran nan, mutum ya ci bashi ya sayi pragya yana ciyar da uwarsa da ƙannensa sannan a hana shi inda fasinja yake, masu trotro kuma da suka fi kowa tare hanya ba wanda ya taɓa su. Direba ka yi haƙuri amma gaskiya ce. Maganar siyasa a bar ta, duk wanda ya sake kawo ta zan cire shi.

Direban Tafo: Alhaji wa ya yarda? Ni ban yarda ba, Hajiya ma ba ta yarda ba. Kuma ka gaya wa mutane pragya nawa gare ka a hanyar Sawaba kafin ka yanke mana hukunci.

Maman Biyu: Ni dai a daina cewa yaran Zango.