Ina za mu kai yara su ga jirgin ƙasa mai hayaƙi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Yaran nan sun ga jirgin ƙasa mai aiki da kwal a talabijin, tun ranar sun hana ni sakat, wai sai an kai su sun gani ido da ido. Babansu ya yarda mu fita a hutun nan. Akwai inda ake samunsa kusa da Zariya?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Anti. Ga tashar reluwe nan a Sabon Gari, su fara ganin dogo da taragai. Sai dai fa an daɗe da komawa dizal, ba za su ga hayaƙin da suke nema ba.

Baffa na Tudun Wada: 'Yata, Jos za ki kai su. Ai daga nan Zariya aka ja wani ƙaramin dogo zuwa ƙasar kuza, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya ratsa Jos ya isa Bukur a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, shi kuwa babban layin da ya wuce Kano a 1911 ƙafa 3 da rabi ne, shi ya sa dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da aka haɗa Jos da babban layi ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta koma bin can, kasuwar ƙaramin ta yi ta ja baya har aka rufe shi a 1957. Kawunan jiragensa na ajiye a harabar gidan tarihi na Jos. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin rashin saurinsa in ya zo hawan tudu.

Maman 'Yan Biyu: Amin, Baffa. Wallahi ban taɓa jin wannan ba. Amma suna tafiya kuwa?

Baffa na Tudun Wada: A'a, a tsaye suke. Na kallo ne.

Ƙanenku a Ingila: Anti, wanda kike nufi, mai tafiya da fasinja yana huci, irinsa ne suke da shi a nan. Akwai Bluebell Railway a Sussex, tun 1960 masu sha'awa suka karɓi tsohon layi suka raya shi, mil 11 ne. Yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, sai ki ga dattijo ɗan fansho fuska duk baƙi yana ɗibar kwal da shebur yana watsawa cikin wuta. Wutar ce ke tafasa ruwa, tururin ya tura ƙarfen da ke juya ƙafafun. Nawa yaran sun fi son tsayawa gefen injin a tasha su ji zafin da ke bugowa a kan zaman cikin tarago. Duk mai zuwa kada ya sa wa yara fararen kaya, kuma a hana su leƙe ta taga, don burbushin kwal na faɗawa ido.

Hajiya Samaru: To mu da ko fasfo ba mu da shi fa? Ka dai aiko mana bidiyo. Ni dai in hawa suke so, a kai su tashar Rigasa a Kaduna su shiga jirgin Abuja, wanda aka buɗe a 2016. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri, a nemi kujerar taga.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, wannan ai mai sanyi ne, ba hayaƙi ba ƙauri.

Malamar Firamare: Ina bayan Baffa. Jos ɗin jifa ɗaya ne tsuntsu biyu: gidan namun daji na nan kusa da gidan tarihin, ga kuma sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani. Amma yini guda ya yi kaɗan, Maman 'Yan Biyu. Tafiyar ta kusa awa huɗu ta Pambeguwa da Saminaka, gara ku kwana. Ki ɗauki rigunan sanyi, kuma ki sa wani na can ya leƙa muku wurin kafin ku kama hanya.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanwar babansu na aure a Jos, masauki ba matsala. Zan kira ta yau da dare.

Baffa na Tudun Wada: In akwai wuri a motar ku biyo ta nan ku ɗauke ni. Gidan gaba nake so, saboda gwiwa.