Wa ya taɓa sayen 'yar tsanar kachina a Arizona?

Maman Ilham, Phoenix: Salama alaikum jama'a. Ina haɗa tsarabar tafiya gida, sai na ga 'yan tsanar katako da ake kira kachina a wani shago, an rubuta aikin Navajo ne, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka. Abokiyar aikina ta ce kada in yi gaggawa, akwai magana a ciki. Waɗanda suka taɓa saye ko suka ga inda ake sassaƙa su, don Allah ku ba mu labari.

Direban I-40: Wa alaikumus salam Hajiya. Babbar mota nake ja, Gallup ta New Mexico kan hanyata take. Can za ki same su jere a kanta, fuska iri ɗaya, an manna hannuwa da gam, an yi musu ado da fata da gashin zomo. Na saya wa yarana guda da araha. Mai shagon bai ɓoye min ba, ya ce don kasuwa kawai ake yin su, kachina ba ta cikin addinin Navajo.

Anti Bilki, Flagstaff: Gaskiya ya faɗa miki, 'yar'uwa. Asalin abin na Hopi ne, ƙabilar da ke zaune bisa tuddai uku a arewa maso gabashin Arizona, ƙasar Navajo ta kewaye su. 'Yan ƙabilar Zuni ma suna da nasu. A wurin Hopi kachina ruhohi ne masu kawo ruwan sama, iri-iri har ɗaruruwa. Rabin shekara suna ƙauyuka, daga Disamba zuwa Yuli, sauran rabin suna duwatsun San Francisco, waɗanda nake hangowa daga ƙofar gidana. Wata ɗalibata Bahofiya ta gayyace ni garinsu a tudu na biyu, tun daga mashiga aka kafa allo: ba hoto, ba naɗar murya, ko zane ba a yarda ba. A ɗakin kakarta na ga 'yan tsanar rataye a bango. Ana raba wa 'yan mata a bikin Powamu na Fabrairu da na Niman na Yuli, don yarinya ta san kamannin kowane ruhi. Da saiwar itacen cottonwood ake yi, itace mai bin ruwa, ga rashin nauyi. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba da na ambaci na shago, cewa kawai ta yi sun kwafi tufafin, ba su san mai tufafin ba.

Baba Ɗanjuma: To ni a bar ni in kare ɗaya ɓangaren. A kasuwar Santa Fe ta watan Agusta na zauna da wani masassaƙi ɗan Navajo, aikinsa tsaf, ya rubuta sunansa da ƙabilarsa a ƙarƙashin kowace. Abincinsa ke nan. Dokar Amurka ta 1990 ƙarya ta hana: ka sayar da abu da sunan ƙabilar da ba ita ta yi ba. Tarar laifin farko tana iya kai dala 250,000, ko ɗaurin shekara 5. Don haka Hajiya, juya 'yar tsanar ki duba ƙarƙashinta.

Ummu Khalid: Mu dai an ba mu kyauta a wurin aiki, maigida ya ce surar da wasu ke girmamawa ba za ta kwana a falonsa ba. Na mayar cikin mutunci, matar ta fahimta.

Anti Bilki: Baba, ban ce haramun yake ci ba. Amma idan na shago ya cika kasuwa, wa zai biya Bahofen da ya yi makonni kan guda ɗaya?

Ɗalibi a Tempe: Hajiya, tunda kina Phoenix ki shiga gidan tarihi na Heard. Akwai 'yan tsanar Hopi sama da 400 da Sanata Barry Goldwater ya bayar, tsofaffin ciki ko ƙafafu ba su fito sosai ba, sai fenti kawai. Da na fito na daina ruɗewa tsakanin iri biyun. In kuma aikin Navajo na gado kike so, ki nemi dardumarsu ta saƙa ko azurfa mai shuɗin dutse, sai dai ki tanadi kuɗi.