Sanarwar waya tana daina zuwa kwamfuta da zarar wayar ta kulle

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na haɗa wayata ta Android da kwamfuta mai Linux Mint ta KDE Connect, manhajar da ke kai sanarwar waya zuwa kwamfuta, duka a kan Wi-Fi ɗaya.

Muddin fuskar wayar na kunne, saƙon kwastoma na faɗowa nan take. Da ta yi duhu, jim kaɗan sai shiru, kwamfutar ma ta daina ganin wayar. Haka wani aikin gaggawa ya wuce ni jiya.

Na ba manhajar izinin karanta sanarwa, na cire mata takunkumin batir, na buɗe tashoshi (ports) 1714 zuwa 1764 da manhajar ke amfani da su a katangar tsaron kwamfutar (firewall). Duk a banza.

Don Allah, wane saiti ne zai hana haɗin yankewa idan wayar ta kulle?