Neman Taimako kan Gishirin TTF-TCNQ

Assalamu alaikum, malamaina. Ni ɗalibin fiziks ne a Kumasi, kuma mako uku ke nan ina fama da gishirin TTF-TCNQ, wani haɗin sinadarai biyu (TTF da TCNQ) mai ɗaukar lantarki. Na fahimci cewa idan ana sanyaya shi, ɗaukar lantarkinsa tana ƙaruwa kamar ta ƙarfe har wajen kelbin 59 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi), kafin sauyin Peierls, wato jirkicewar jerin ƙwayoyinsa, ya toshe wa lantarki hanya a kelbin 54. Maganaɗisu ne ya ɗaure mini kai, domin amsar ƙarfe ga maganaɗisu ba ta cika sauyawa da sanyi ba, amma ta wannan gishiri tana raguwa tun daga zafin ɗaki. Shin turereniya tsakanin ilektoron, wato ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, ita ce sanadi, ko alamun sauyin ne suke fara bayyana da wuri? Don Allah a fahimtar da ni, aikina ya tsaya cak a nan.